Kalangun Gilashi

Ni ɗan mahauta ne da ba ya son ganin jini. Gara in faɗa da bakina, don a Garwa duk wanda ya san gidanmu da wannan yake fara tsokanata. Kakana mahauci ne, Baba mahauci, Yaya mahauci. Ni kuwa ranar da aka fara kai ni mayanka, ina ganin an kayar da sa na nemi hanyar gida, ban ko tsaya ɗaukar takalmina ba. Na zama tela. Shagona yana kan hanyar da ke gangarawa gadar Binuwai, kuma har yau abin da nake yankawa bai taɓa yi mini kuka ba.

A shagon nan wayar ta same ni. Wani direban babbar mota da nake yi wa ɗinki ya sayo ta gwanjo a Ngawundere, wajen tashar jirgin ƙasa. Da ya iso Garwa ya ga ta yi wa hannunsa ƙanƙanta, ya ajiye mini a kan keken ɗinki ya ce in yi yadda na ga dama da ita. Tsohuwa ce tun a lokacin, gefenta duk ya koɗe. A cikinta na tarar da wata manhaja da mai wayar na farko ya bari. Ban san shi ba, ban san ƙasarsu ba, amma har gobe ina sa masa albarka.

In ka buɗe ta, baƙin allo za ka gani da 'yan akwatuna a jere, kowanne da ramuka da maɓallan murɗawa. Babu waƙa a ciki, babu ganga, babu komai. Akwati ɗaya yana fitar da wata ƙara miƙaƙƙiya, iiii, kamar sauro ya samu kunne. Sai ka ɗora yatsa a raminsa ka ja, wata igiya mai launi ta biyo yatsanka, ka kai ta ramin wani akwatin. Wannan ya tace ƙarar ya rage mata kaifi. Wani ya buɗe ta ya rufe, wani ya girgiza ta, wani ya maimaita ta. Duk igiyar da ka sauya wa wuri, sauti ya sauya. Rubutun da Ingilishi yake, ni kuwa bokona na Faransanci ne, shi ma bai yi nisa ba, don haka da kunne da yatsa na koya. An yi ta ne don masu siraran yatsu, nawa kuma na gidan fawa ne ko da ban yi fawa ba. In na nufi rami ɗaya sai in danne uku.

Na haukace, babu wata kalma. Mutum ya kawo yadi ya ce Juma'a yake so, in ce masa in sha Allahu, yana juya baya in koma jan igiya. Na yi kukan kwaɗi, na yi ruwan sama a kan kwano, na yi moto, wato babur, mai fasasshen salansa. Maiɗakina ta ce ita dai ta auri tela, ba ta san a ina aka musanya mata da mai kiran aljanu ba. Ranar da na haɗa wata ƙara mai kauri da ke gurnani daga can ƙasa, na jona wayar da lasifikar shago, wadda mu a nan muke ce wa bafil, na ƙure murya. Matar da ke suyar ƙosai a gefena ta bar kasko a wuta ta tsallaka titi da gudu tana ihun dorina ta fito daga kogi. Masu moto suka taru da sanduna. Na yi dariya har na faɗo daga kan kujera, ita kuwa ta yi mako ba ta amsa gaisuwata.

Shekaru suka wuce, wayar ta ƙara tsufa, ni ban gaji ba. Da na sayi sabuwa na kai su biyun wajen mai gyara a kasuwa na ce ya mayar mini da manhajar can. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa. A sabuwar, tana buɗewa sai ta rufe kanta. Ya duba inda ake sauko da irinsu ya ce babu ita, masu ita sun daɗe da watsar da ita.

"Gran, wannan a cikin tsohuwar nan kaɗai take da rai," in ji shi, don gran yaran nan suke ce wa duk wanda ya girme su. "In ta ce maka mizajur, kada ka kuskura ka yarda. Kana yarda, se fini, ta ƙare ke nan."

Mizajur ɗin nan wani saƙo ne da wayar ke turowa tana neman a sabunta mata ciki. Kullum sai ta tambaya, kullum sai in ce a'a, kamar mai korar ɗan talla. Batirin kuma ya fara kumbura har ya ɗan ɗaga gilashin ta gefe ɗaya. Zafin Garwa ba ya raga wa mutum balle waya. In bazara ta yi bazara, sai ta ɗau zafi ta mutu ana tsakiyar abu, don haka na sama mata wurin zama a kan murfin randa, a cikin ɗanyen ƙyalle. Duk mai son ruwa a shagona sai ya fara neman izinin waya.

To, a daidai lokacin nan ne maganar Baba ta taso.

Mahauta da masu kalangu tare suke tun kaka da kakanni. Kalangu ne ke gaya wa gari an yi yanka, kuma kowane babban mahauci yana da takensa, 'yan kalmomin da ganga ke faɗa da sunan gidansa, wanda ko daga barci ya ji sai ya miƙe. Makaɗin gidanmu wani tsoho ne sa'an Baba, muna ce masa Kawu. Ubansa ya yi wa kakana kiɗa, shi ya yi wa Baba. Kalangu a kafaɗar hagu ake rataye shi, dama ta buga, hagu ta matse tsarkiyoyin da ke jikinsa, murya ta hau ko ta sauka. Matsar nan ita ce maganar. In babu ita, ƙwanƙwasa kawai kake yi. Kawu ya yi ciwon shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannun hagu ya ƙi, yana nan a sake kamar hannun riga a igiyar shanya. Kalangun ya koma kan ƙusa a zaurensa.

A gidanmu kuma mahauci ba ya ajiye wuƙa a ɓoye. Ranar da zai bar teburi, makaɗinsa zai zo kasuwa ya kaɗa masa take, ya taka rawa da wuƙarsa a hannu, sannan ya miƙa wa magajinsa a gaban jama'a. In ba a yi haka ba, cewa za a yi karyewa ya yi, ko 'ya'ya sun ture shi. Baba kuwa yanar ido ta fara rufe masa gani. Da lalube yake yanka. Ya sare babban yatsansa har sai da aka ɗinke a asibiti, bai warke ba ya koma teburi. Wata rana yana saran ƙashi gatari ya sauka dab da hannun Yaya. Inna ta yi roƙo, ta yi kuka, ta yi fushi ta daina sa masa yaji a miya, duk a banza. Yaya ya ce akwai wani mai kalangu a Mokolo, a ɗauko shi a mota.

"Ya taɓa cin naman gidan nan?" in ji Baba. "Wanda bai ci namana ba ba zai sauke ni ba. Hannun mutumina ne zai sauke ni, in kuwa babu, a teburin nan za ku ɗauke ni."

Taurin kan Baba ya ba ni haushi ƙwarai, kuma ya ba ni tsoro. Kullum na ji waya ta yi ƙara daga kasuwa sai in ɗauka ya sake yanke kansa.

Wata ranar Talata Kawu ya zo shagona da rigunansa, yana so in mayar masa da aljifan hagu zuwa dama. Ya zauna a benci yana jira, ni kuwa na ce bari in ɗan taɓa wayata kafin in zare zare. Ina ta jan igiya ba da wata niyya ba, sai wani sauti ya fito, gajere, mai ciki, da ɗan wutsiya da ke sauka ƙasa. Dum. Tsohon ya ɗaga kai.

"Tela, wa ke taɓa fata a nan?"

Na nuna masa wayar. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce in sake. Na sake.

"Ɗanya ce," ya ce. "A sa ta a rana."

Na murɗa wani maɓalli, sautin ya ɗaure. Ya ce ta yi yawa, za ta tsage. Na sassauta. Ya ce cikin ya yi faɗi, wannan ganga ce, kalangu ƙugunsa siriri ne. Na cire igiya daga wani akwati na kai wani. Ya rufe ido ya karkata kai, can sai ya ce, "Yauwa. Akuya ce, ba ta haihu ba." Ni dai ban ga akuya a cikin wayar ba, amma ban yi masa musu ba. Ba a mayar da aljihu ko ɗaya ba ranar nan. Har la'asar muna kai, shi yana ba da umarni da harshen fata da itace, ni ina fassarawa da igiya, muna ta ƙyaƙyata dariya kamar waɗanda suka tsinci abu a hanya.

Da yamma na je gida na sami Baba a zaure, na tsuguna na kora masa bayani. Na yi zaton zai kore ni. Ya saurara har na gama, sannan ya yi tambaya ɗaya.

"Hannunsa ne zai buga?"

"Hannunsa, Baba."

"To ko kwano ya buga na yarda."

Na fito ina tsalle a titi, ni da furfurata ta fara leƙowa. Ban san wahalar tana gaba ba.

Abu na farko, wayar ta ƙi sanin Kawu. Na shirya masa wani fili a kan allon, inda in ka taɓa sai dum ɗin ta fito. Ni in na taɓa, ta amsa. Shi ya taɓa, shiru. Ya danna, shiru. Yatsunsa sun yi kanta, sun bushe ƙamas, gilashin bai ɗauke su a bakin yatsu ba. Ransa ya ɓaci, ya ce ko ita ma ta ji labarin ya mutu ne. Yaya yana wurin, ya biyo da tsarabar nama daga kasuwa. Don ya ba tsohon dariya sai ya zaro wata siririyar tsoka ya ce bari a gwada mata abin da kowa ke so, ya dangwala a allon. Dum! Muka dubi juna. Ya sake, dum, dum! Kawu ya karɓe tsokar ya shiga bugawa da ita, waya tana amsawa da ladabi. Wani Bafillace da ya zo karɓar ɗinkinsa ya tsaya a ƙofa baki buɗe yana cewa, "Ɗum ɗume?" wato mene ne wannan. Yaya yana kwance a kan yadin mutane yana riƙe da ciki. Ni kaɗai nake ihu, don maiƙo ya shafe allon, igiyoyina sun fara tsalle da kansu suna shiga ramukan da ba nasu ba.

Amma mun gane danshi take so. Kawu kuma ya ce shi ba zai shiga kasuwa yana kiɗa da tsoka ba, a yi masa dariya har jikoki, da sandarsa zai buga. Sandar kalangu ɗan itace ne mai lanƙwasasshen kai, kuma da na hango ta tana sauka a kan gilashina sai na rufe wayar da tafin hannu. Nan telancina ya yi rana. Na naɗa wa kan sandar auduga, na rufe da ƙyalle na ɗinke, na warware siririn zaren ƙarfe daga igiyar wata matacciyar caja na nannaɗe shi tun daga audugar har inda yake riƙewa. In aka ɗan jiƙa audugar, allon sai ya ɗauka yatsa ne. Ya buga, ta amsa. Ya ce sandarsa ta zama kamar mai ciwon kai da aka ɗaure wa goshi, amma ya karɓa.

Na so in raba shi da wahalar igiya, na haɗa wayar da bafil ta iska. Ya buga, sai bayan ɗan lokaci sautin ya fito. Ya sake, haka.

"Wannan kalangun malalaci ne," ya ce. "Sai na buga ya tsaya shawara."

Muka koma igiya, wadda ake sokawa a ƙasan waya. Ma'ana duk inda ya sa ƙafa dole wani ya bi shi da bafil a kafaɗa, kuma kowa ya san wane ne wanin.

Saura babban abu, matsa. A cikin akwatunan akwai wani da na daɗe ban san amfaninsa ba, sai daga baya na gano yana jin yadda aka karkata wayar. Na ja igiya daga shi zuwa akwatin murya. In waya ta karkata baya murya ta hau, in ta yi gaba ta sauka. Na ce a ɗaura masa a gwiwa yana zaune, ya riƙa ɗaga dunduniya. Ya ce shi ba gurgu ba ne, kuma kiɗa a haƙarƙarin hagu yake zama, nan ubansa ya rataye shi. Na ɗinka wa wayar 'yar jaka ta baƙin yadi mai buɗaɗɗiyar fuska, da maɗauri a kafaɗa da wani a ƙugu. Ya rataya, ya buga, ya ɗan banƙare, murya ta hau. Ya sunkuya, ta sauka. Kafin mako ya zagayo ya iya sa ta gaisuwa. Yana tsaye a tsakiyar shagona yana lanƙwasa yana miƙewa, waya tana cewa sannu da aiki, mai ƙosai tana amsawa daga waje.

Taken Baba ne ya ba mu wuya. Yana farawa a ƙasa, ya yi tafiya, sannan a ƙarshe akwai wani wuri da murya ke haurawa can sama ta tsaya, inda ake kiran gidan. Duk banƙarewar da Kawu zai yi, da ƙyar yake taɓo wurin. Na ƙara wa akwatin ƙarfi, sai sauran taken ya lalace, ko numfashi ya yi murya ta zame. Na rage, saman ya gagara. Muka tsaya a tsakiya. Ya ce Baba zai gane, amma na ga abin bai kwanta masa ba. Ga wayar kuma, in an daɗe ana bugu sai ta yi zafi kamar dutsen guga ta ɗauke, mu mayar da ita kan randa mu zauna muna kallonta, tsoho da tela, muna yi mata fifita.

Aka sa ranar kasuwa, da hantsi, kafin rana ta yi ƙarfi. Na cika batir tun asuba, na cire layin don kada wani ya kira ana tsakiyar take, na sa wayar a leda na saka a kular abinci tare da ƙanƙara. Maiɗakina ta ce ko jaririnta na fari ban yi wa wannan hidimar ba. Na ɗauko Kawu a moto, yana sanye da babbar riga da hula, sandarsa a sabon aljihun dama. Na ɗaura masa jakar a bayan rumfar masu kayan miya. Na buɗe manhajar, igiyoyina suna nan yadda na bar su. Na jiƙa audugar. Yana ɗaga sanda sai ga saƙon mizajur ya fito ɓaro-ɓaro a tsakiyar allo, wurin cewa e yana daidai inda sandar za ta sauka. Na yi wani ihu na cafke hannunsa a sama. Masu tumatir suka zaci faɗa muke. Na danna a'a da ɗan yatsana, na ce masa bismilla.

Layin mahauta a cike yake, ƙudaje, ƙarar gatari, mata suna ciniki da Fillanci, wani yana faɗa da Faransanci a kan ƙashi ya yi yawa. Ni da na yi shekaru ina zagaye layin nan don kada in ga abin da ke kan tebura, ga ni a tsakiyarsa da bafil a kafaɗa, idona a kan ƙeyar Kawu. Ya buga na farko. Dum. Gatura suka tsaya. Ya buga kiɗan yanka, wanda kasuwar nan ta daɗe ba ta ji ba, sai wani tsohon mahauci a can ƙarshen layi ya yi kururuwa ya ɗaga wuƙa sama. Kan ka ce me wuri ya rikice. Mutane suna leƙen hammatar Kawu suna neman ganga, ba su ga komai ba sai baƙar jaka. Wata tsohuwa ta ce a'uzu billahi ta ja baya, sannan ta dawo gaba tana rausaya. Kawu yana tafe yana banƙarewa yana sunkuyawa, yana bin tebura yana ba kowa takensa, ni ina biye kamar akuyar da aka ja da igiya, ina haki ina dariya, ina addu'ar kada zafi ya kashe ta. Ana ta cusa masa tsoka a aljihu, aljihun da na ɗinka da hannuna.

Muka iso teburin Baba. Yana tsaye da farar riga, wuƙarsa a hannu, Yaya a gefensa. Ba ya ganin mu sosai, amma ya juyo da kunne. Kawu ya tsaya, ya gyara tsayuwa, ya fara taken daga ƙasa. Na ga leɓen Baba yana motsi yana bin kalmomin. Sai ya fito daga bayan teburi, ya ɗaga wuƙar, ya fara takawa, a hankali, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, tsohon da tun ina yaro ban ga ya yi rawa ba. Mahauta suka kewaye shi suna kirari. Inna tana can bayan mata ta rufe baki da mayafi, wata ta rangaɗa guɗa. Kawu ya maimaita taken, ya ƙara wuta, gumi yana zuba daga ƙarƙashin hularsa. Rawa ta kama shi shi ma, maɗaurin ƙugu ya kwance, jakar ta zame ta koma can ƙarƙashin hammata. Na gani, na buɗe baki in yi magana, amma ya riga ya iso wurin hawan nan. Murya ta tashi, ta haura, ta wuce inda take tsayawa a shago, ta kai can saman da muka yi ta nema. Sai na ji ƙas. Bafil ya yi wani dogon kuka a kunnena ya yi shiru.

Na dire bafil na zaro wayar daga jaka. Gilashin ya tsage tun daga sama har ƙasa, baƙin ruwa yana yaɗuwa a ciki yana cinye akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Na danna, na girgiza, na hura mata iska kamar wawa. Dorinata, kwaɗina, ruwan samana, akuyar da ba ta haihu ba, duk sun tafi, kuma babu inda zan sake samo su. Wani baƙin ciki ya taso mini, na juyo zan sauke shi a kan tsohon nan, a gaban kowa, ban damu ba.

Bai ma san ina yi ba. Gwiwar hannunsa yake kallo. Hannun hagun yana manne da haƙarƙarinsa, a lanƙwashe, yana ɗan karkarwa.

"Tela," ya ce a hankali, "ni na fasa?"

"Kai ka fasa, Kawu."

"Da wane hannu?"

Na dubi hannun. Na dubi inda jakar take rataye.

"Da hagu."

Baba yana tsaye da wuƙa a hannu, yana juya kai yana tambayar me ya faru, me ya sa aka yi shiru. Yaya ya raɗa masa a kunne. Sai Baba ya laluba ya kamo hannun Yaya, ya ɗora masa ƙotar wuƙar a tafi ya rufe masa yatsu a kai. Ya ce, "Na ji takena har sama. Riƙe." Bai jira kirari ba, ya miƙa hannu yana neman mutuminsa, aka kai shi, ya kama hannun hagun nan da hannayensa biyu ya riƙe.

Hannun bai warke ba, kada in yi ƙarya. Har ya bar duniya bai sake ɗaukar ko kofin shayi da shi ba. Amma ranar nan Kawu ya fizge matacciyar wayar daga hannuna, ya bi layin mahauta teburi bayan teburi, yana dariya hawaye na zuba cikin gemunsa, yana kai ta dab da idon kowa. Ni ina biye da shi da bafil ɗin da babu komai a cikinsa, na rasa kuka nake ko dariya, shi kuwa yana ta faɗa wa duk wanda ya tsaya.

"Duba nan. Ni na fasa. Da hagu."